Yadda ake bin salsalar Faransawan Kanada ba tare da sunaye sun ruɗa ka ba

A duk al'ummomin da ake bin salsalarsu a takarda, da wuya a samu mai sauƙin bi kamar Faransawan Kanada, musamman na lardin Kebek, wanda su suke rubutawa Québec. Mutanen da suka tsallako teku daga Faransa suka zauna dindindin kafin Birtaniya ta karɓe ƙasar a 1760 ba su fi kusan dubu goma ba, kuma limaman cocin Katolika sun rubuta baftismarsu da aurensu da binne su tun daga 1621. Daga 1679 aka wajabta yin rajista biyu, ɗaya ta zauna a coci, ɗaya a kai kotu. In wuta ta ci ta coci, ta kotu tana nan. Rajistar coci ce ta ci gaba da zama shaidar haihuwa da aure a hukumance har ƙarshen 1993.

Takardu kam akwai su. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne sunaye. Mutum ɗaya sai ka same shi da sunan dangi biyu, sunan yanka uku, kuma kowane limami da irin rubutun da yake yi masa. Saboda haka ka riƙe wannan tun yanzu: ba suna ake bi ba, miji da mata ake bi.

Kayan aiki

Kana buƙatar littafin rubutu ko shafin jadawali a kwamfuta, inda kowane aure zai samu layinsa: sunan miji, sunan mata na gidan ubanta, rana, coci, iyayen kowannensu, da inda ka ga takardar. Sai taswirar kogin Saint-Laurent mai nuna garuruwan bakin kogi, domin ƙauyukan nan a jere suke a gaɓarsa, kuma iyalai kan matsa ne daga wannan zuwa na gaba.

A intanet, buɗe asusu a FamilySearch, kyauta ne, kuma akwai hotunan rajistocin cocin Katolika na Kebek. Hukumar ajiyar littattafai da takardun tarihi ta lardin, wadda ake kira BAnQ, ita ma ta sa tsofaffin rajistoci da takardun yarjejeniya kyauta. Takardun ƙidayar jama'a suna shafin hukumar ajiyar takardu ta tarayyar Kanada. Na kuɗi guda biyu ne suka cancanci a biya: PRDH na Jami'ar Montreal, wanda aka fara a 1966, ya haɗa mutane iyali-iyali daga 1621 har tsakiyar ƙarni na 19, da Généalogie Québec, inda hotunan rajistocin coci da cibiyar salsala ta Drouin ta ɗauka a shekarun 1940 suke. In babu kuɗin rajista, ba a fasa aiki. Na kyautan sun isa, sai dai ka sha buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya.

Faransanci kaɗan ya wadatar, don limaman tsari ɗaya suke maimaitawa. Wanda ya yi boko a Nijar ko Kamaru ko Chadi ya riga ya ci rabin aikin. Abin da ya rage masa shi ne sabawa da rubutun hannun mutanen da.

1. Fara da na raye

Kada ka fara da kakan farko da ya zo daga Faransa, ko da wani ya rantse maka ya san shi. Fara da mutumin da kake yi wa aikin, ka hau zuwa iyayensa, sannan kakanni. Tambayi tsofaffin gidan sunan garin da aka fito, da sunan kowace kaka na gidan ubanta, da kuma ko akwai wani suna da ake kiran gidan da shi a da. A duba katunan tunawa da mamaci da Katolika ke rabawa a jana'iza, da sanarwar rasuwa a jarida. Takardun da ba su kai kimanin shekara ɗari ba suna hannun ofishin rajistar jama'a na lardin, kuma ba kowa ake ba ba, don haka wannan zangon na kusa daga gida za ka cike shi.

2. In gidan ya bi ta Amurka, mayar da sunan gida

Tsakanin 1840 da 1930 kimanin mutum 900,000 suka bar Kebek zuwa Amurka, akasarinsu zuwa masaƙun garuruwa irin su Lowell, Manchester, Lewiston, Fall River da Woonsocket. Can ne sunaye suka jirkice ta hanya biyu.

Wasu fassara su aka yi: Roy ya koma King, Leblanc ya koma White, Boisvert ya koma Greenwood, Lapierre ya koma Stone, Boulanger ya koma Baker, Courtemanche ya koma Shortsleeve. Wasu kuma akawun da bai ji Faransanci ba ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi: Benoît ya zama Benway, Gauthier ya zama Gokey, Boucher ya zama Bushey, Thibault ya zama Tebo, Archambault ya zama Shambo. Dabarar ita ce ka furta sunan da ƙarfi, ka saurari da wane sunan Faransanci ya yi kama.

Amma hasashe ne wannan, ba hujja ba. Hujjar tana cocin unguwar da baƙin suka zauna. A waɗannan garuruwa sun gina nasu coci-coci masu limamai 'yan gida, kuma limamin yakan rubuta sunan daidai, wani lokaci har da garin haihuwa a Kanada. Mutumin da gwamnati ta rubuta John King, a rajistar cocinsa Jean-Baptiste Roy ne. In ba ka samu rajistar ba, nemi takardar mutuwar 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu za a samu wanda aka rubuta sunayen iyayensa da kyau.

3. Nemo garin ta hanyar ƙidaya

Ƙidayar Kanada ta 1851, 1861, 1871 har zuwa ta 1931 a buɗe suke, kuma suna lissafa duk mutanen gida da shekarunsu. Ta 1901 har ranar haihuwa take bayarwa, ko da yake ba kullum take daidai ba. Na ƙarni na 19 da suka gabaci 1851 sunan maigida kawai suke kawowa. Amfanin ƙidaya shi ne ta nuna maka gari da jerin 'ya'ya. Kada ka dogara da shekarun da ke ciki, kuskuren shekara biyu ko uku ba komai ba ne a wurinsu.

4. Nemo takardar aure, ita ce tsanin

A nan aikin yake. Takardar auren Katolika a Kebek tana kawo sunan ango da na iyayensa biyu, sunan amarya da na iyayenta biyu, da cocin da kowane ɓangare yake. Kuma mace ba ta rasa sunan gidan ubanta a rajista, daga baftisma har kabari. Wato takarda ɗaya tana miƙa maka aure biyu na baya: na iyayen ango da na iyayen amarya. Ka nemo waɗancan, su ma su miƙa maka huɗu. Haka ake hawa har ƙarni na 17.

Kalmomin da za ka riƙa gani ba su da yawa. Fils de ɗan wane ne, fille de 'yar wane. Feu ko défunt na nufin marigayi, feue ko défunte marigayiya. De cette paroisse na nufin ɗan wannan coci ne. Majeur wanda ya kai shekarun mallakar kai, mineur wanda bai kai ba. Ka lura, a zamanin mulkin Faransa sai an kai shekara 25 ake mallakar kai, daga baya aka rage zuwa 21. Saurayi mai shekara 23 a 1740 mineur ne, ba yaro ba ne.

Galibi a cocin amarya ake ɗaura aure. In ka rasa shi a garin ango, duba ƙauyukan da ke kusa, sama da ƙasa a bakin kogi, shekara ɗaya ko biyu kafin haihuwar ɗan fari.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. In ango ya taɓa aure matar ta rasu, limami ba ya sake rubuta iyayensa. Sai ya ce veuf de, ya ambaci marigayiyar. Haka ma matar da mijinta ya mutu, veuve de. To sai ka koma ka nemo auren farko, can iyayen suke. Akwai wanda ya yi aure uku, sai ka bi su a jere daga na ƙarshe. Kada ka gaji ka ɗauki wasu ma'aurata masu irin sunan a matsayin iyayensa, domin reshe guda in ya karkace, duk abin da ka ɗora a kansa na wasu ne.

In ka ga an rubuta dispense tare da ambaton dangantaka, auren zumunci ne da aka nemi izinin bishop. Rubuta matakin dangantakar. Mataki na uku na nufin iyayen kakanninsu ɗaya ne, kuma wannan kan warware maka kulli a gaba.

5. Warware laƙabin dit

Za ka riƙa cin karo da suna irin Nicolas Audet dit Lapointe ko Pierre Hudon dit Beaulieu. Kalmar dit tana nufin wanda ake ce wa. Na farko shi ne sunan dangi na asali, na biyu laƙabi. Mace kuma dite ake sa mata. Abin ya yi kama da yadda a unguwa mai Musa biyar ake samun Musa Mai-goro da Musa Dogo da Musa Bakatsine, sai dai a can laƙabin yakan shiga takarda, 'ya'ya su gaje shi, jikoki su yar da sunan asali su riƙe shi kaɗai.

Tushensa mafi girma soja ne. Duk wanda ya shiga sojan sarkin Faransa akan ba shi sunan yaƙi: Lafleur, Laviolette, Jolicoeur, Sansregret, Sanschagrin, Vadeboncoeur, Tranchemontagne. A 1665 aka turo rundunar Carignan-Salières mai mutum kusan 1,200, kuma kimanin 400 daga cikinsu suka zauna suka yi aure, kowa da sunan yaƙinsa. Wasu laƙuban daga garin asali suke, irin su Langevin ko Picard ko Poitevin. Wasu daga siffar gona ko wurin zama. Wasu kuma an ƙirƙire su ne don a bambanta 'yan'uwa: Nicolas Rivard dit Lavigne da ƙanensa Robert Rivard dit Loranger sun zo daga Tourouvre a yankin Perche, kuma a zuri'arsu ake samun Lacoursière, Lanouette, Dufresne da Bellefeuille. Duk gida ɗaya ne, amma in ka ga sunayen a jere ba za ka ce sun haɗa komai ba.

Ɗauki misalin Antoine Roy dit Desjardins, sojan Carignan da ya auri Marie Major a birnin Kebek a 1668. Jikansa ana iya yi masa baftisma da Roy, a ɗaura masa aure da Roy dit Desjardins, a binne shi da Desjardins. Wani limamin ma ya juya, ya rubuta Desjardins dit Roy. In zuri'ar ta tsallaka Amurka, wani ya zama King, ɗan'uwansa ya zama Gardner, kowa ya fassara rabin da ya riƙe.

Yadda za ka yi da shi:

Duk mutumin da kake nema, neme shi da suna biyun tare, sannan da kowanne shi kaɗai. In ba ka san ko sunan yana da abokin tafiya ba, PRDH yana da jerin sunaye da laƙubansu, haka ma ƙarshen ƙamus ɗin salsalar iyalai na Cyprien Tanguay.

Rubuta sunan yadda ka gan shi a kowace takarda, kada ka gyara. A gefe ka sa wanda ka zaɓa ya zama na dindindin.

In sunan miji ya canja amma na mata yana nan, garin yana nan, shekarun sun dace, mutum ɗaya ne. In sunan miji ya dace amma na mata ya saɓa, tsaya ka bincika. Kama da wane ba ta wane.

Laƙabi ɗaya ba ya nuna jini ɗaya. Kowane rukunin soja yana iya samun nasa Lafleur, don haka gidaje da dama da ba su haɗa kaka ba suna amsa shi. Mai suna Lafleur a yau, aikinsa na farko shi ne gano sunan da ke gaban dit ɗin.

Al'adar ta fara ja da baya a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, zuwa wajen 1900 yawancin gidaje sun zaɓi ɗaya. A wannan zangon ne mutane suka fi ɓacewa masu bincike, don uba yana amsa Audet, ɗa yana amsa Lapointe, kuma babu takardar kotu da ta ce an canja.

Ban da laƙabi akwai rikicin rubutu. Yawancin manoman ba su iya sa hannu ba, limami ne ke rubuta abin da ya ji. Harafin H a farkon suna ba a furta shi, don haka Hémond da Émond ɗaya ne. Pelletier da Peltier ɗaya ne. Guyon ma a wasu rassan Dion ya koma. Sannan ƙaramin de a gaban suna ba shaidar sarauta ba ce. Ina ganin wannan zato ya fi kowane kuskure daɗi a kunnen masu gida, kuma ya fi wuyar cirewa.

6. Tantance sunan yanka

A ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, kusan kowane ɗa namiji Joseph ake fara sa masa, mace kuma Marie. Sai sunan uban baftisma ko uwar baftisma ya biyo, sannan wanda za a riƙa kiran yaron da shi, galibi a ƙarshe. Tsohon firaministan Kanada Jean Chrétien cikakken sunansa Joseph Jacques Jean Chrétien. Saboda haka in kana neman baftismar wani Arthur, duba ƙarƙashin Joseph ma. Marie a cikin sunan namiji, kamar Jean-Marie, ba kuskure ba ne. Jean-Baptiste kuwa yakan fito a matsayin Jean, ko Baptiste, ko J.-Bte.

Yara na mutuwa da yawa a wancan zamani, kuma akan mayar wa jariri sunan wansa da ya rasu. Ka samu baftismar François a 1752, kada ka yi saurin cewa shi ne naka. Duba rajistar binnewa ta shekarun da suka biyo, ka duba ko an sake wani François a 1755. Wani lokaci ma 'yan'uwa biyu suna raye da suna ɗaya. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ka fitar da dukan 'ya'yan ma'auratan a jere, kowa da baftismarsa, aurensa da binnewarsa. Aiki ne mai cin lokaci, amma sai an yi shi ake sanin wa ya rayu.

7. Karanta kwanan wata da hankali

Ranar da ke saman takarda ta baftisma ce ko ta binnewa, ba ta haihuwa ko mutuwa ba. A cikin rubutun za ka ga né ce jour, an haife shi yau, la veille ko hier, jiya, avant-hier, shekaranjiya. Ondoyé na nufin an yi wa jaririn baftismar gaggawa a gida don ana tsoron ba zai rayu ba, kuma ta coci na iya zuwa bayan makonni, musamman da hunturu ko inda limami ke yawo tsakanin ƙauyuka.

Ga wani ƙaramin tarko: 7bre Satumba ce, ba Yuli ba. 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre ko 10bre Disamba. Shekara kuma sau da yawa da kalmomi ake rubuta ta, ko a ce wannan shekara kawai, sai ka koma farkon rajistar.

Rubuta sunayen uban baftisma da uwar baftisma da shaidun aure. Galibi kakanni ne da kawunnai da gwaggwanni, kuma limami kan faɗi dangantakar.

8. In rajista ta yi shiru

Wani auren ba za ka same shi ba, ko ka same shi babu iyaye. Sai ka koma wajen notaire, wato malamin da hukuma ta ba izinin rubuta yarjejeniya da adana ta. A zamanin Faransa yawancin ma'aurata sukan yi yarjejeniyar aure kwanaki kaɗan kafin zuwa coci, kuma tana kawo iyaye da dangin da suka halarta. Sai dai ka kula, akan soke wata yarjejeniyar ba a yi auren ba, musamman a shekarun 1660 lokacin da mata suka yi ƙaranci kuma suke da zaɓi. In ɗaya daga ma'aurata ya rasu ya bar yara, akan yi lissafin kayan gida da taron naɗa waliyyi, kuma takardun biyu suna jera magada. Wanda ya ɓace shekara da shekaru daga ƙauye, duba ko ya sa hannu a kwantiragin tuƙa kwale-kwalen fataucin fatu zuwa yamma. Irinsu kan ɓullo a Detroit ko Michilimackinac.

In an rubuta né de parents inconnus, ba a san iyaye ba ke nan, ko an sakaya su. Takarda ta ƙare a nan. Gwajin DNA na iya taimakawa, amma tunda al'ummar daga mutane kaɗan ta fito, kusan kowa ɗan'uwan kowa ne ta hanyoyi da dama, kuma na'urar takan nuna dangantaka ta fi yadda take kusa.

Bayi ma suna cikin rajistocin. Masanin tarihi Marcel Trudel ya ƙirga sama da 4,000 a tsawon kusan ƙarni biyu, kimanin kashi biyu cikin uku 'yan asalin ƙasar ne da ake rubutawa panis, sauran baƙaƙen fata. Yawanci sunan yanka kawai ake ba su tare da sunan ubangidan, don haka ta takardun ubangidan ake bin su.

9. Isa ga wanda ya tsallako

Da ka kai kafin 1730, ƙamus ɗin René Jetté na 1983 zai rage maka wahala, kuma ya fi na Tanguay inganci. Na Tanguay, mai mujalladi bakwai da ya fito tsakanin 1871 da 1890, kyauta ne a intanet amma yana da kurakurai, musamman inda ya haɗa masu suna ɗaya. Ka ɗauke shi ɗan jagora, ka je ka ga takardar da idonka. Bishiyoyin salsala da mutane ke ɗorawa a intanet kuwa, kuskure ɗaya ne ake kwafa hannu zuwa hannu har ya yi kama da gaskiya.

Ƙidayar 1666, wadda Jean Talon, babban jami'in sarkin Faransa a Kanada, ya sa aka yi, ta samu mutum 3,215, da ta 1667 da ta 1681, suna jera iyalai da shekaru da sana'a. Auren farko na baƙo yakan faɗi iyayensa da cocinsu a Faransa. A ɓangaren mata da wuya ka rasa ɗaya daga cikin 'yan matan sarki, kimanin 800 da Sarki Louis na 14 ya ɗauki nauyin kawowa tsakanin 1663 da 1673. Don sanin ko an gano takardar baftismar mutumin a can Faransa, duba Fichier Origine, kyauta ne. In babu shi a ciki, kowace jiha a Faransa tana da ma'ajiyar takardunta, akasarinsu a intanet, amma sai ka san sunan ƙauyen kafin ka shiga.

In sunayen da kake gani su ne LeBlanc, Cormier, Arsenault, Doucet ko Thériault, kuma sun ɓullo a ƙauyukan Kebek bayan 1755 babu iyaye a lardin, mai yiwuwa 'yan Akadiya ne da Birtaniya ta kora daga yankin da yanzu ake kira Nova Scotia. Rajistocinsu da yawa sun salwanta a lokacin korar, don haka tsanin aure kaɗai ba zai kai ka ba. Sai ka haɗa da ƙidayoyin Akadiya, farawa da ta 1671, da ayyukan cibiyar nazarin Akadiya ta Jami'ar Moncton, musamman ƙamus ɗin Stephen White.